Mutunci, Haƙuri da Rufin Asiri: Tsara Aikin Kula da Masu Taɓin Hankali a Ƙasar Bunguɗu da Kewayenta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a taron tsara ayyukan hukuma ya san yadda akan fara. Akan kawo lissafin kuɗi, a ƙidaya gadaje da ma'aikata da motoci, sa'an nan a raba abin da ya samu. Ba safai akan tsaya a tambayi abin da mutanen da za a yi wa aikin suke ɗauka da girma ba, balle a sa shi ya zama harsashin ginin. A wannan maƙala za a duba wata hanya dabam, wadda ke fara tsari daga abubuwan da jama'a ke darajantawa, kuma za a gwada ta a kan aikin kula da masu taɓin hankali. Za a ɗauki misalai daga Nahuce ta ƙasar Bunguɗu, tare da Gusau da Tsafe, a Jihar Zamfara.

Tilas a fara da 'yar matsalar suna. Masana a Ingila, musamman likitan ƙwaƙwalwa kuma masanin falsafa Bill Fulford, sun daɗe suna nuna cewa hujjar kimiyya ita kaɗai ba ta yanke hukunci a wannan fanni, domin kowane hukunci yana tafe da abin da likita da majinyaci da danginsa suke ganin ya fi muhimmanci, kuma sau da yawa ganin nasu yakan saɓa. Kalmar da suke amfani da ita ba ta da takwara guda ɗaya a Hausa. In an ce daraja, hankali yakan tafi ga matsayi. In an ce ɗabi'a, an koma ga hali. In an ce aƙida, an shiga addini tsundum. A nan za a yi amfani da kalmar ƙima, da nufin duk abin da mutum zai yarda ya yi hasarar wani abu domin ya tsare shi. Wannan ma'auni yana da amfani, domin abin da mutane ke yabo da baki dabam yake da abin da suke sayar da akuya a kansa.

Abin da aka gada

Hausawa ba su rasa kalmomi a wannan fage ba. Akwai hauka, da taɓuwa, da zautuwa, da motsi, kuma kowacce da nauyinta. Akwai farfaɗiya, wadda likitoci ke lissafawa cikin cututtukan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, amma jama'a suke haɗa ta da taɓin iska. Akwai wauta da dolanci, waɗanda ake ɗauka halitta ce. Ta fuskar sanadi kuwa, akan ambaci iskoki ko mutanen ɓoye, da sammu, da kurciya wadda ake cewa tana sa mutum ya bar gida ya shiga duniya, da gado, da shaye-shaye, da kuma tsananin baƙin ciki. Kowane sanadi da ƙofar da ake bugawa: malami mai rubutun sha ko ruƙiyya, boka, 'yan bori masu girka, sa'an nan asibiti, wanda galibi shi ne zangon ƙarshe. Masu bincike irin su Murray Last, wanda ya yi aiki a ƙasar Malumfashi, da Lewis Wall a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa, da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, sun bayyana yadda iyali ke zagaya waɗannan ƙofofi ba tare da ganin wani karo a tsakaninsu ba.

Abin lura ga manazarcin harshe shi ne yadda ake kauce wa kalmar hauka idan abin ya shafi na gida. Ɗan wani shi ne mahaukaci. Naka kuwa “ba ya jin daɗi”, ko “yana da lalura”, ko a ce, da bakin mutanen Zamfara, “ba shi da lahiya”. Wannan sakayawa ita ce shaida ta farko game da ƙimar da za mu yi ta karo da ita, watau rufin asiri.

Musulunci ya ba hankali matsayi babba. Malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, sun lissafa shi cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. A fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, an ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin hukunci, an kuma wajabta a tsare masa dukiyarsa a hannun waliyyi. Haka nan an sa hauka cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure. Wannan hukunci na ƙarshe yana taimaka mana mu gane dalilin da ke sa uwa ta ɓoye lalurar 'yarta budurwa ko da za ta kwana tana kuka. Tarihin Musulmi kuma ya san asibitocin waƙafi masu sashen masu taɓin hankali, kamar wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284.

Abin da Turawan mulki suka kawo ya sha bamban da wannan. Dokarsu ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi damuwa da tsare mahaukaci domin kare jama'a daga gare shi, har ya zama a wurare da yawa kurkuku ne masaukinsa. Wannan doka ta daɗe ƙwarai, domin sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ke ɗauke da shekarar 2021 a sunanta. Sabuwar dokar ta ɗora nauyi a kan haƙƙin majinyaci: a nemi yardarsa, a tsare sirrinsa, kada a wulaƙanta shi ko a nuna masa bambanci. Tun kafin nan, manufar ƙasa ta 1991 ta ce a shigar da wannan aiki cikin kiwon lafiya na matakin farko, bisa ruhin taron Alma-Ata na 1978, aka kuma sake bitar manufar a 2013. Takardu dai ba su yi ƙaranci ba.

Halin da ake ciki

Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996, tana da dalilai na musamman da ke sa wannan magana ta zama ta gaggawa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu, kuma an san dalma tana barin tabo a ƙwaƙwalwar yaran da suka tsira. Sa'an nan ga ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya ɗauki shekaru fiye da goma yana cin ƙauyuka. Duniya ta ji labarin 'yan mata 279 na makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauka a Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu a watan Satumba na 2023. Waɗanda duniya ba ta ji ba sun fi yawa: manomin da aka karɓe wa shanun huɗa, da matar da ta sayar da gonar gado ta biya fansa, da yaron da ya ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu sun sha wannan ɗaci ƙwarai. Daɗin daɗawa ga shaye-shaye. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumomin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a ƙasar cikin shekara guda, kuma a watan Mayu na shekarar ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin.

A ɗaya gefen kuma, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga jama'ar da ta haura miliyan 200. Mutumin Nahuce da ke neman asibitin tarayya na wannan fanni sai ya nufi Kware a Jihar Sakkwato, tafiyar da ta wuce kilomita 200, ko Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano. Manyan asibitocin Gusau suna ɗaukar abin da za su iya. To amma kowa ya san lissafin wannan tafiya: kuɗin mota na mutum uku, domin ba a tafiya da irin wannan majinyaci da ɗan rakiya ɗaya, da kuɗin abinci, da kwanakin da aka bar gona, da fargabar hanya.

Inda ƙimomi ke karo

A laccarsa da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe, cikinsu har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci da hankali. Jerin yana da amfani, amma mai tsara aiki ba zai tsaya ga jeri ba, domin wahalar tana wurin da kyawawan abubuwa biyu suka ja juna.

A ɗauka ga wata mata a Nahuce wadda aka sako mijinta bayan wata biyu a daji. Tun da ya dawo ba ya barci, ƙarar babur tana sa shi zabura, ya daina zuwa majalisa, wani lokaci ya yi ta faɗa ba dalili. Idan ta faɗa wa surukarta, amsar da za ta samu ita ce a yi haƙuri, a gode wa Allah da ya dawo da rai. Wannan amsa ba ta banza ba ce. Haƙuri da tawakkali su ne suka riƙe dubban mutane a wannan ƙasa da ba don su ba da sun zube, kuma duk ma'aikacin da ya raina su ya rasa babban abokin aiki. Amma haƙurin nan shi ne kuma zai sa a yi shekara ba a nemi magani ba. Aikin mai tsari shi ne ya nemo hanyar da neman magani zai shiga cikin haƙuri, kuma malamai suna da abin faɗa a nan, tun da neman magani ba ya kore tawakkali a koyarwar Musulunci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa littattafai kan ilmin magani.

Rufin asiri ya fi wannan wuya. A ganina shi ne ƙimar da ta fi kowacce yanke hukunci a kan ko za a zo asibiti ko ba za a zo ba. Idan aka gina ɗaki na musamman a bakin hanya, aka kafa allo mai cewa nan ne wurin masu taɓin hankali, an gama korar mutane tun kafin a buɗe ƙofa, domin duk wanda aka gani a kan bencin nan labarinsa ya riga shi komawa gida, kuma labarin zai bi ƙannensa mata har ranar da za a zo neman aurensu. Mai tsari da ya fara daga ƙima zai zaɓi a duba irin wannan majinyaci a asibitin sha-ka-tafi na gari, a layi ɗaya da mai zazzaɓi da mai hawan jini, katinsa iri ɗaya da na kowa. Wannan ya yi daidai da shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, na horar da ma'aikatan da ba ƙwararru ba su gane manyan lalurori su fara magance su, su tura masu tsanani gaba. Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Tsafe tana yaye irin waɗannan ma'aikata, saboda haka wurin da za a shuka wannan horo yana kusa. Sai dai akwai sharaɗi: ma'aikacin ɗan gari ne, yana zama a majalisa ɗaya da dangin majinyaci. In bakinsa bai da murfi, kusancin da ake yabo ya zama abin gudu. Don haka amana ta cancanci a koyar da ita, a kuma hukunta wanda ya ci ta, kamar yadda ake yi wa wanda ya saci magani.

Kunya tana da nata hukunci. Matar aure ba za ta zauna gaban baƙon namiji ta faɗi abin da aka yi mata a daji ba, ko abin da ke zuwa mata a rai bayan haihuwa. Tsarin da bai tanadi ma'aikata mata ba, da unguwarzoma da aka wayar wa kai, ya rufe ƙofa ga rabin jama'a ko da ginin ya kai bene.

Sai zumunci. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma gaskiya ne yawancin masu wannan lalura a hannun danginsu suke, su ke ciyar da su, su ke kwana a kansu. Sabuwar doka kuwa tana kallon majinyaci a matsayin mutum guda mai yardar kansa. A gida akan ce “mun yanke shawara”, a takarda ana neman “na yarda”. Bai kamata a warware wannan ta hanyar korar dangi daga ɗakin likita ba, haka kuma bai kamata a bar babban wa ya yi ta magana alhali majinyacin yana zaune kamar kaya ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ji kowa, a ware ɗan lokaci da majinyaci shi kaɗai, kuma a lura da inda maslahar dangi ta rabu da tasa, musamman in akwai gado ko gona a tsakani. Nijeriya tana da gwaji mai kyau a wannan fage. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a da yamma, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Lambo ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba lalle a kwaikwayi Aro daki-daki ba, tun da zamani ya sauya kuma tsaro ya taɓarɓare, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa, watau kada a cire mutum daga cikin nasa, ya dace da ƙasar Hausa.

Abin da ba za a bi ba

Kada a fahimci wannan magana da cewa duk abin da al'ada ta zo da shi abin karɓa ne. Turu da mari suna cikin abin da aka gada. Haka duka da bulala da sunan korar aljani, da barin yara su bi mahaukaci da jifa da waƙa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, kuma a watan da ya biyo aka sami irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu, suna biyan kuɗi, da niyyar gyara. Wannan ya nuna cewa sarƙa takan fito daga ƙauna da ta rasa mafita. Uban da ya ɗaure ɗansa a turu yana tsoron kada ya faɗa rijiya, ko ya shiga daji a wannan zamani da ba a tambayar baƙo sunansa. Hana shi ɗaurin ba tare da an kawo masa maganin da zai kwantar da yaron ba, wasa ne da hankalinsa.

Hujjar da za a kafa wa turu kuma tana cikin gida. Mutunci ƙima ce ta Bahaushe, kuma shari'ar da ta ɗauke wa mahaukaci hukunci ba ta halatta a azabtar da shi ba. Idan liman ya faɗi haka a huɗuba, ya fi takarda goma daga Abuja tasiri. Haka nan game da malaman ruƙiyya: tun da su ake fara zuwa, hikima ita ce a zauna da su a yi yarjejeniya a kan alamomin da in sun gani za su tura asibiti, kamar farfaɗiya, da zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da mai maganar kashe kansa, da mai jegon da ta rikice. Su ci gaba da addu'a, a daina duka.

Kuɗi da ma'auni

Yawancin magungunan wannan fanni tsofaffi ne masu sauƙin kuɗi, amma shan su na wata da watanni ne, kuma yankewarsu ita ke dawo da ciwo, har jama'a su ƙara gaskata zancen nan cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame. Jihar Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi tun zamanin da aka ƙaddamar da shari'a a 1999. Majinyacin da ciwo ya hana shi nema ya shiga sahun fakirai da miskinai ba tare da wani tawili ba, kuma waƙafi a kan magani yana da asali a tarihi kamar yadda aka ambata. Kuɗin da ya fito ta wannan hanya yana da wata fa'ida kuma: mai karɓarsa ba ya jin an ci masa fuska.

Ma'aunin nasara ma yana bukatar a sake shi. Ofis yakan ƙidaya mutum nawa aka gani a wata. Iyali kuwa abin da suke tambaya shi ne ko ya koma gona, ko yana tsayawa a sahu, ko ta iya goya ɗanta, ko an daina nuna gidansu da baki. Ana iya rubuta waɗannan a rijista kamar yadda ake rubuta nauyin jariri.

Rabon masana harshe

A nan ne aikin ya iso ƙofarmu. Yawancin tambayoyin da ake tantance majinyata da su an tsara su ne da Ingilishi, kuma fassararsu kalma da kalma takan haifi Hausar da ba wanda ke yi. Bahaushe ba ya cewa yana cikin “rashin jin daɗin rai na makonni biyu”. Yakan ce gabansa yana faɗuwa, ko zuciyarsa ta tsinke, ko tunani ya yi masa yawa, ko kansa ya ɗauki zafi, ko duniya ta yi masa ƙunci, ko jikinsa ya mutu. Kalmar damuwa, wadda kafofin watsa labarai suka ɗora wa nauyin sunan cuta, a bakin talaka ta haɗa har da rashin kuɗin cefane. Ma'aikacin da ya ji “gabana yana faɗuwa” ya ba da maganin gyambon ciki ya sallami mutum, kuskurensa na harshe ne kafin ya zama na likitanci.

Abin da ake bukata shi ne a tattara waɗannan maganganu daga bakin masu su, a karin Zamfara da na Katsina da na Kano, a bambance wadda ke nuna firgita da wadda ke nuna baƙin ciki da wadda ke nuna ciwon jiki, sa'an nan a zauna da likitoci a daidaita. Sassan Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna da ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa, waɗanda za a buɗe wa zaure a yi musu magana ba tare da ɗari-ɗari ba. Ɗalibar da za ta zauna da matan Nahuce ta naɗi yadda suke kwatanta abin da ke hana su barci, da izininsu kuma ba tare da sunayensu ba, za ta fito da kundin digiri na biyu, kuma ma'aikacin sha-ka-tafi zai sami takarda mai shafi biyu da zai ajiye a kan teburinsa.